Ƙasar Kanwa a Cokali

Tun da na dawo daga Cadi bakina bai huta ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci tambaya, a kasuwar fata tambaya, har wurin zanen suna sai da aka ja ni gefe wai in faɗi gaskiya, kanwa na je sarowa ko aure na je nema. In na ce ƙasa muka je ɗiba, ƙasar ma a cokali, sai a kwashe da dariya a ce Bukar ya fara zaucewa. To na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta tun daga tushe, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni majemi ne, ɗan majemi. Lokacin da mahaifina ya kafa majemarmu a Bolori wurin bayan gari ne, sai kuka da tumfafiya. Yanzu gidaje sun kewaye mu ta ko'ina. Matsalarmu wajen cire gashi take. A da da toka ake yi, a jira kwanaki. Yanzu akwai hodar kanti da muke kira kemikal, tana cinye gashi da sauri, amma ruwan da take bari baƙi ne ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma kwatarmu cikin lungu take zuba. A daminar bara ruwan ya shiga zauren maƙwabciyata Hajja Yagana, jikarta ta taka, tafin ƙafarta ya saɓule. Hajja ta kai ƙara wurin Bulama, mai unguwarmu. Bulama ya yanke cewa kafin damina ta sake zama, ko mu daina sakin wannan ruwa ko mu tashi. Na yi fushi a lokacin, amma ko ni aka yi wa haka ƙara zan kai. Sai dai ba ni da inda zan koma, kuma magidanta da yawa a cikin majemar nan suke samun abin kai wa gida.

Ana cikin haka Dokta Rifkatu ta shigo rayuwata. Mutuniyar kudancin Borno ce, tana koyarwa a jami'a, gajeruwa, ga ta da saurin tafiya. Ranar da ta fara zuwa na same ta tsugune a bakin kwatarmu tana ɗibar laka da cokali, ko hanci ba ta toshe ba.

Ta ce, "Malam Bukar, kashin tattabarar nan da kuke jiƙa fata a ciki don ta yi laushi, ka san me ke yin aikin?"

Na ce, "Kashin mana."

Ta ce a'a. Wasu 'yan halittu ne a cikinsa da ido ba ya gani, suna fitar da wani ruwa mai narkar da nama, a wurinsu sunansa furotiyes. Irin waɗannan halittu suna nan a kowace ƙasa, sai dai ƙarfinsu ya bambanta. In aka dace da masu ƙarfi, ruwansu zai saki gashi daga fata ba tare da kemikal ba, kuma abin da za a zubar ba zai ƙona ƙafar kowa ba. Ta riga ta gwada ƙasar mayanka, da ta kasuwar kifi, da ta gonakin Khaddamari, da tamu. Ta samu masu aiki, amma da zarar sun ji ruwa mai kaifin toka da zafin garinmu sai su yi laƙwas. Abin da take nema shi ne waɗanda aka haifa a cikin kaifin, wato a ramukan kanwa na arewacin tafkin Cadi.

"Kana jin Barbarci, kana jin Larabcin Shuwa. Ni kuwa daga Hausa da Turanci sai yarenmu. Za ka raka mu?"

Na amsa kafin ma in shawarci maiɗakina, abin da na sha faɗa a kansa da daddare.

Mu uku muka tashi daga tashar Muna cikin bazara: ni, da Dokta, da mijinta Malam Bitrus, tsohon hedimasta mai ritaya, dogo siriri, wanda aka ɗora wa riƙon kular da kwalabenmu suke ciki. Tun daga tasha ya rungume ta a cinya, ya hana kwandasta ɗaure ta a saman mota. A bakin gari muka shiga layi muna jiran rakiyar sojoji, rana tana dukan mota, kowa yana kallon kular nan da tsammanin ruwan sanyi ne. Wani Bafillace mai fataucin shanu da ke gefena, da ya ji ni Babarbare ne, sai ya ce ai ya san za a rina, bawansa ne ya ɓoye ruwa yana hana ubangidansa. Na ce masa in Bafillace ya sha ruwan kula ai sai mura ta kama shi, bai saba ba. Haka muka yi ta yi da shi har Dikwa, kuma shi ya saya mana gasasshen kifi a can.

Hanyar kuwa ta sosa mini rai. Ina yaro na bi ta da mahaifina sayen fata, na san ƙauyukan da ke bakinta da mutanensu da kasuwanninsu. Da yawa yanzu kango ne. Amma nan da can za ka ga an dawo, an yi sabon jinka, mace tana daka, wani yana sharar gona yana jiran ruwa. Direbanmu ya nuna mana baƙar ƙasar firgi da ta tsattsage a gefen hanya, ya ce mu yi mu dawo kafin ruwan farko, don in ta jiƙe ko jaki ba ya wucewa.

A Gamboru muka sauka, muka taka gada da ƙafa zuwa Fotokol ta Kamaru. 'Yar gada ce, amma kana sauka harshe ya juye, kuɗi ya juye, har burodi ya juye. Malam Bitrus ya ce mu bar masa magana, ai ya yi Faransanci a makaranta. Ya gaida jami'in da ƙarfi, jami'in ya ji daɗi ya zubo masa magana kamar an buɗe famfo, Malam Bitrus ya juyo yana kallona. Da Larabcin Shuwa muka ƙarasa.

Jami'in ya buɗe kula ya ga kwalabe a jere, kowace a rufe gam, ba komai a ciki. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙetare iyaka da kwalaben wofi yana rungume da su ba, don haka dole sai ya buɗe ɗaya ya gani. Na so in hana shi, don Dokta ta gaya mini an dafa kwalaben nan ne a tukunyar tururi har ba sauran wani mai rai a ciki, in aka buɗe ɗaya iska ta shiga ta tashi daga aiki. Ita kuwa ko a jikinta. Ta zaro ɗaya daga gefe ta miƙa masa, ya buɗe, ya shinshina, ya leƙa, ya mayar mata. Ta ce ya riƙe, ta ba shi kyauta. Da muka wuce na tambaye ta, sai ta ce ai tun daga gida ta ware wasu ta sa musu jan zare, sunansu kwalaben kan iyaka, ta san ba jami'in da zai ga abu a rufe ya ƙyale. Daga ranar na daina yi mata kallon 'yar boko da ba ta san hanya ba.

A Kusuri muka kwana, a wani masauki da fankarsa take ado kawai. Mai wurin ya shimfiɗa wa maza tabarmi a tsakar gida, Dokta ta kwana wajen iyalinsa. Da safe aka kawo mana dogon burodin nan nasu mai kama da sanda. Malam Bitrus ya gatsa da ƙarfi irin yadda ake yi wa namu mai laushi, ɓawon ya yanke masa dasashi. Ya dubi matarsa ya ce, "Maman Ladi, wannan abinci ne ko makami?" Sai da muka ga 'yan gari suna tsoma shi a shayi muka gane kanmu.

Daga Kusuri gada ce kawai zuwa Njamena. Ban taɓa ganin babura da yawa a wuri ɗaya haka ba, kuma abin da ya ba ni mamaki mata ne da lafayarsu suna tuƙa nasu, ba mai ko waiwayarsu. Wani abokin aikin Dokta, Dokta Mahamat, shi ya sauke mu a gidansa, shi ya kuma nemo mana izinin ɗibar ƙasa da fita da ita. Nan na ga mutanen da suka fi mu shan shayi, abin da ban zaci akwai ba. Ja ne, kauri, zaƙi har yana kama harshe, kuma ba a tambayarka ko kana so. Dokta Mahamat ya kai mu inda ake gasa naman raƙumi, a yayyanka a kan takarda da tozo da barkono da lemun tsami. Ni na ci har na ji kunya. Malam Bitrus ya ce shi ba zai ci dabbar da ta fi shi tsawo ba, daga baya na waiga na ga ya ja takardar gabansa. Abu ɗaya da ya ƙure haƙurina shi ne ofisoshinsu, da an yi azahar an kulle, sai gobe. Mu da muke tsere da damina, kowace gobe tana ci mini rai.

Da izini ya fito muka hau bayan wata a-kori-kura mai zuwa arewa, a kan buhunan gero. Bayan Masakori ba da nisa sosai ba kwalta ta ƙare, sai rairayi. Direba ya sauka ya rage iskar tayoyi, na ce wannan wane irin hauka ne, a garinmu ƙara iska ake yi in za a yi tafiya. Ashe haka ake yi wa rairayi. Duk da haka mun kafe ba sau ɗaya ba. In aka kafe kowa zai sauko, a tona da hannu, a sa faifan ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura. Ba mai gunaguni, ba mai zagin direba. A motar Maiduguri da tuni an tsine wa kakansa. Dokta ma ta ɗaure zaninta ta shiga turi, matan da ke motar suna yi mata dariya suna ba ta dabino.

Ƙauyen da muka nufa yana kan tudu, ƙarƙashinsa kwari ne fari fat, da giginya da dabino a gefe, da ramuka birjik masu ruwa kore-kore. Mutanen Kanumbu ne. Harshensu da nawa 'yan ɗaki ɗaya ne, muna jin juna, sai dai suna dariyar nawa wai na birni ne, ya sha Hausa ya ƙoshi. An kai mu gidan Ba Adam, wato Baba Adam a harshensu, dattijo mai ramuka da yawa a kwarin, baƙi, busasshe, da farin gemu da ƙafafun da kanwa ta cinye. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba, don a wurinsu ba a yi wa baƙo wannan tambaya sai ya ci ya huta. Aka kawo tuwon gero da wata miya koriya shar. Na zaci kuka ce, ashe wani gansakuka ne da matansu suke tacewa daga ruwan ramukan su shanya a rairayi, suna kiransa dihe. Da a gida aka ce mini in ci gansakuka sai an yi faɗa. Amma na ci, kuma da daɗi, tana da ɗan ƙamshin busasshen kifi.

Wannan rashin tambayar shi ya jawo mana rigima. Mu mun ɗauka tun da hukuma ta ba da izini, mai gida kuma ya karɓe mu, magana ta ƙare. Da sassafe Dokta ta sauka kwari da kayanta, muna biye. Ta tsuguna a bakin wani rami, ta sa safar hannu, ta kunna 'yar fitilarta ta ƙona cokali a kan wutar, ta buɗe kwalba. Ku dubi lamarin da idon mutumin ƙauye: baƙuwa, da asuba, da wuta, da cokali, tana shirin ɗibar ƙasar mutane ta sa a kwalba ta rubuta suna a jiki. Ko a Bolori aka ga haka an san me za a ce. Matan da ke tace dihe suka saka ihu. Kafin cokalin ya taɓa ƙasa maza sun sauko da gudu, wasu da sandunan haƙarsu a hannu.

Ba wanda ya taɓa mu. Amma aka tasa mu gaba zuwa rumfar Ba Adam, aka zauna, fuskoki ba annuri. Ba Adam ya yi magana a hankali, ina fassarawa. Ya ce kanwa haihuwa take yi. A haƙe rami bana, a bar shi, baɗi a dawo a tarar ta sake fitowa. Baƙar lakar da ke ƙasan ramin ita ce uwar. Kanwa kam a saya a kai duk inda ake so, amma uwar, tun kakanninsu, hannun baƙo bai taɓa ɗibarta ba. In baƙo ya ɗiba ya tafi da ita, albarkar ramin ta bi shi.

Na tuna Bulama, na tuna mutanen da na baro suna jira. Malam Bitrus ya fara laluben takardar izini a aljihu, Dokta ta dafa hannunsa ya bari. Ta sunkuyar da kai ta ce in ba su haƙuri, laifinta ne da ba ta fara neman izinin masu wuri ba. Sannan ta yi musu bayanin abin da take nema da dalilinsa, har da ƙafar jikar Hajja Yagana. Suka saurara, suka tausaya, amma Ba Adam ya girgiza kai.

Can Dokta ta ce, "Malam Bukar, tambaye shi. Hannun baƙo ne ba ya ɗiba. In mai ramin ne ya ɗiba da hannunsa ya ba baƙonsa kyauta fa?"

Na fassara. Dattawan suka dubi juna, suka shiga magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce ba a taɓa yi ba, wani ya ce ba a taɓa hanawa ba kuma. Ba Adam ya ce abin da mutum ya bayar da hannunsa ba ya tafiya da albarka, ƙara ta yake yi. Ya miƙe ya ce a kawo masa buhu da fartanya, yau sai ya cika wa 'yarsa Dokta buhu.

Na ce alhamdulillahi, ashe da sauran rina a kaba. A bakin rami Dokta ta ce ba buhu take so ba, cokali ɗaya a kowace kwalba ya isa, kuma ta miƙa masa safar hannu ta ce ya sa. Fuskar tsohon ta canza. Ya ɗaga hannayensa ya ce, "Ɗana, tambaye ta. Hannun da ya ciyar da ita jiya shi ne yau ya zama ƙazanta?" Ya juya zai hau tudu.

Dokta ta sha gabansa, ta cire tata safar ta nuna masa tafinta. Ta ce, "Baba, nawa ma haka ne. Kowane hannu yana ɗauke da nasa halittun, ko an wanke shi da sabulu. In suka shiga kwalbar, ba zan san waɗanne ne 'ya'yan raminka ba, waɗanne ne na hannu." Da na zo fassarawa sai na ƙara da nawa, na ce masa kamar a kora garkenka cikin na wani ne ba shaida a jikinsu, in saniya ta yi nono mai yawa ba a san ta wa ce ba. Ya tsaya. Ya ce, "Wato asali take nema." Na ce shi ke nan. Ya miƙo hannu aka sa masa safa, yatsunsa suna ta kaucewa, jama'a suna ƙunshe dariya.

Abin da na gani daga nan ba zan manta ba. Sau ɗaya ta nuna masa: a ƙona cokali, a jira ya huce, a kankare saman, a ɗebo daga ciki, a buɗe kwalba a gefen wuta, a zuba, a rufe nan take. Tsohon nan ya shiga rami har gwiwa ya yi ta yi, rami bayan rami, rana tana ƙara zafi, farin kwarin yana kashe ido. Ita tana bakin rami a tsugune, tana auna zafin lakar da kaifinta tana rubutawa a jikin kwalba. Kafin hantsi ya fi ta tsanani. Ƙaninsa ya leƙo zai ga cikin kwalba, ya daka masa tsawa wai ya ja baya da numfashinsa. Cokali ya ɗan goga bakin rami, Dokta ta ce ba komai, shi ya ce da komai, a sake ƙonawa. Ya kai ta wani tsohon rami da raƙuma suke kwana a gefensa, da wani da ruwansa ya fi na ko'ina zafi. Ba su da harshe ɗaya, amma daga baya sun daina nemana, sai nuni da ɗaga gira. Na zauna a inuwar giginya ina kallonsu, tsoho Bakanumbe da 'yar kudancin Borno, kowa ya ɗauki aikin ɗan'uwansa da girma. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na ce wa Malam Bitrus hasken kanwa ne.

Da za mu tafi Dokta ta so ta yi masa alheri, ya ƙi, ya ce in ya karɓa ya zama sayarwa, kyautar ta ɓaci. Shi ne ma ya ɗora mana dabino da ƙullin dihe da wata kanwa fara mai faɗin faifai.

Dawowa ta fi tafiya wuya, don yanzu kular tana da kaya. Duk garin da muka tsaya Malam Bitrus zai bazama neman ƙanƙara, ya koyi sunanta da harsuna uku. A iyakokin ba mu sha wahala ba, izini ya yi aikinsa, sauran kwalaben jan zare ma suka samu masu su. Amma muna barin Gamboru hadari ya haɗu ta gabas, baƙi, da iska mai ƙamshin ruwa. Direba ya taka wuta. Yayyafi ya same mu kusa da Dikwa, ya tsaya a yayyafi. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai ranar, ina yi ina neman gafarar manoma.

Makonni suka wuce ban ji komai ba, ruwa ya fara sauka jefi-jefi, barci ya ƙaurace mini. Sai ranar nan Dokta ta kira ni ɗakin bincikensu. Ta nuna mini 'yan faranti na gilashi masu murfi, an zuba musu wani abu fari da aka haɗa da madara da ɗan kaifin kanwa, ya daskare kamar kindirmo. Ta ce an jiƙa ƙasar kowace kwalba, an tsarma, an shafa a kai, an ajiye a wuri mai zafi. A kan farantan ɗige-ɗige sun tsiro. Mafi yawansu ba su yi komai ba, farin yana nan yadda yake. Amma wasu, kewayensu ya washe tas har kana hango yatsanka ta ƙasa. Ta ce waɗannan su ne suka cinye madarar, kuma gwargwadon faɗin zoben gwargwadon ƙarfinsu. Cikin tulin faranti, 'yan kaɗan ne suka yi zobe mai faɗi. Su ta ware, ta raine su a ruwa cikin manyan kwalabe da inji yake jijjigawa, ta tace.

Ruwan da ta tace bai wuce cikin kwatarniya ɗaya ba. Ta kawo shi majemarmu da yamma, muka tsoma ɗanyar fatar akuya, muka rufe. Washegari na gayyato Bulama da Hajja Yagana. Hajja ta zo da gefen mayafi a hanci, ta tsaya nesa. Na ciro fatar na shimfiɗa a kan gungume. Ko kartaji, wuƙarmu ta kankare gashi, ban ɗauka ba, babban yatsa na sa na murza. Gashin ya taho, dogo, lafiyayye, bai narke ba, ƙarƙashinsa fata fara sumul. Ma'aikatana suka yi kabbara. Hajja ta matso a hankali, ta saki mayafin, ta sunkuya kan kwatarniyar ta shaƙa. Ta sa yatsa a ruwan ta murza, ta duba yatsan.

Bulama ya ce, "To madalla. Wato daga gobe an daina kemikal ke nan?"

Na dubi Dokta ina roƙonta da ido. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Wannan kwatarniyar ita ce iyakar abin da za mu iya dafawa yanzu. Kafin a samu wanda zai ishi majema guda sai an gina manyan tukwane, an gwada a fatar saniya, an ga ko jimar za ta yi ƙarko. Zai ɗauki shekara, zai iya fin haka. Yana iya ƙi ma. Ba zan ce muku gobe ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk rairayin nan, duk ranar da tsohon nan ya sha, ga shi a gaban Bulama ta ce yana iya ƙi. Bulama ya juya wajen Hajja, don ƙararta ce.

Hajja Yagana ta daɗe tana kallon Dokta. Ta ce, "'Yar nan, da kin ce gobe, da na san ƙarya kike, da yau zan sa a tashe su." Ta juyo gare ni. "Bukar, ban ce a kore ka don ina ƙinka ba, a gabana aka haife ka. Ku zauna, ta yi aikinta. Amma baƙin ruwan nan ko ɗigo kada ya sake bi ta ƙofata. Ku zuba a duro ku fitar da shi inda hukuma ta ce a zubar, ko ana ruwa ko ana rana."

Bulama ya ce an ji, an kuma shaida.

Haka muke yi yanzu. Mun toshe kwatar da siminti. Kullum da safe sai mun cika durorin mun ɗora a kura mun tura, damina ta zauna, lungu duk caɓi, bayana yana gaya mini shekaruna. Dokta tana can da kwalabenta, wani mako ta kira da murna, wani mako ta ce a sake. Ban san yadda za ta ƙare ba. Amma shekaranjiya ina tura kura ta ƙofar Hajja, taya ta kafe a laka, sai na ji muryarta daga zaure: "Bukar, an tashi lafiya? Ya gajiya?" Na tsaya riƙe da kurar. Rabon da ta gaishe ni tun daminar bara.